Hunturu A Bauchi: Tattaki Daga Ƙofar Wambai Da Gayyar Da Ganuwa Ke Jira

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, iskar arewa maso gabas kan taso daga Hamadar Sahara ta lulluɓe ƙasar Hausa da hazo. Kaso mai yawa na wannan ƙura daga ƙwarin Bodele na ƙasar Chadi yake fitowa. A birnin Bauchi, asuba kan zo da sanyi mai ratsa ƙashi, leɓɓa su tsage, teburan masu shayi su cika tun kafin rana ta ɓullo. Galibin jama'a sun ɗauki hunturu a matsayin lokacin ƙudundunewa cikin bargo. Amma ga mai son taka ƙasa da ƙafarsa, babu lokacin da ya kai shi daɗi a duk shekara: ruwa ya ɗauke, santsin duwatsu ya tafi, ciyawa ta bushe hanya ta fito fili, zafin bazara kuma bai iso ba tukuna.

Batun ya shafi ma'aikatan tarayya kai-tsaye. A Abuja, hawan dutse da safiyar Asabar ya zama al'adar matasan ma'aikata da dama, waɗanda kan haɗu rukuni-rukuni su nufi tsaunukan da ke kewaye da birnin. Da yawa daga cikinsu kuma a ƙarshen shekara suke ɗaukar hutu su tafi gida. Sai dai wanda ya saba hawan dutse a Abuja, idan ya isa garinsu, yakan ƙare hutun ne tsakanin zaure da kujerar mota, alhali abin da yake nema a can yana nan a ƙofar gidansu.

Ganuwa mai tsawon motsa jikin mako guda

Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta, shi ya kafa birnin Bauchi a 1809. Ya kewaye shi da ganuwa wadda zagayenta ya kai kimanin kilomita 10 da rabi, aka buɗe mata ƙofofi irin su Ƙofar Wambai, Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Idi, Ƙofar Jahun, Ƙofar Tirwun da Ƙofar Dumi. Har yau da waɗannan sunaye ake kwatance a gari, ko da yake yawancin masu ambaton su ba su taɓa bin sawun ganuwar daga wannan ƙofa zuwa waccan ba.

Akwai lissafi mai ban sha'awa a nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane baligi da ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Mutumin da ke tafiyar kilomita 4 a awa guda, idan ya tashi daga Ƙofar Wambai ya bi layin tsohuwar ganuwa har ya dawo inda ya fara, zai shafe kimanin awa biyu da rabi. Ke nan zagaye ɗaya tak ya biya masa bashin mako guda, ba tare da ya biya kuɗin gidan motsa jiki ba. Ga ma'aikacin da ke wuni a zaune gaban kwamfuta, wanda likita ya fara yi wa kashedi kan hawan jini da ciwon suga, wannan ba ƙaramar garaɓasa ba ce.

Duwatsun da suka shiga littattafan kimiyya

Wanda ya tsaya a Ƙofar Wambai ya ɗaga kai, duwatsu zai gani. Bauchi gari ne da tsaunuka suka yi wa ƙawanya, daga dutsen da ke daf da wannan ƙofa zuwa Warinje da Gudum, har zuwa Zaranda a kan hanyar Jos. Ba kuma duwatsu ne na banza ba. A 1965, Mosobalaje Oyawoye, masanin duwatsu na Jami'ar Ibadan, ya wallafa bayani a mujallar kimiyya ta Nature kan wani nau'in dutse mai duhun kore da ya nazarta a kewayen birnin, ya kuma raɗa masa suna Bauchite. Da wannan suna masana suka san shi a duniya har gobe. Yaron da ke kiwon awaki a gindin tsaunin bai san cewa sunan garinsu na cikin littattafan jami'o'in ƙetare saboda irin dutsen da ke ƙarƙashin ƙafarsa ba.

Mai ƙarin kwanaki yana iya faɗaɗa tafiyarsa. Gandun Dajin Yankari, wanda aka keɓe a 1956 aka kuma buɗe wa jama'a a 1962, ya fi daɗin ziyara da rani, lokacin da namun daji ke taruwa a bakin Kogin Gaji. Ruwan Wikki kuwa ɗuminsa na tsayawa a wajen digiri 31 dare da rana, abin da ke sa wanka a cikinsa ya fi armashi da safiyar hunturu. A Geji da ke Ƙaramar Hukumar Toro akwai zane-zanen mutanen da a jikin duwatsu. Gani ya kori ji.

Abin da tafiya kaɗai ba za ta gyara ba

Sai dai duk wanda ya bi sawun ganuwar zai dawo da nauyi a zuciya. Ginin ƙasa ne, ruwan kowace damina na zaftare shi. A wurare da dama gidaje da shaguna sun hau kansa, a wasu an kwashe ƙasar an yi tubali, a wasu kuma ya koma juji. Ledar ruwa da robobi sun bi iska sun maƙale a gindin duwatsu. Abin da aka gina da gumin dubban mutane yana narkewa a hankali, ba don yaƙi ba, sai don rashin mai waiwaya.

A da, ba haka abin yake ba. A biranen ƙasar Hausa, gyaran ganuwa aikin gayya ne da akan yi bayan ɗaukewar ruwa, idan an kawar da amfanin gona. Sarki kan ba da umarni, kowace unguwa ta fito ta kama yankinta, magina su ja gaba, makaɗa su zuga samari. Wato lokacin da ya fi dacewa da tattaki a yau, shi ne dai lokacin da kakanni suka ware domin kula da garinsu. Abin da ya ɓace ba ƙasa ba ce ko ruwa, hannu ne.

A ƙasashen da yawon ƙafa ya kafu, ƙungiyoyin matafiya su ne masu wannan hannu. Hanyar Apalachiya a Amurka, mai tsawon kimanin kilomita 3,500 wadda ta ratsa jihohi 14, an kammala ta a 1937, kuma har yanzu ƙungiyoyin 'yan sa-kai kusan 30 ne suka raba ta a tsakaninsu. Kowace na share yankinta, ta gyara alamomi, ta toshe zaizaya. Tsarin bai bambanta da na unguwanni da ganuwa ba.

Najeriya ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1951 aka buɗe cibiyar horo a gaɓar Man O' War da ke Kudancin Kamaru, ƙarƙashin jagorancin Alec Dickson, inda aka haɗa hawan dutse da yi wa al'umma hidima. Daga ita ne aka samu Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci ta gwamnatin tarayya, mai makaranta a tsaunukan Shere kusa da Jos, maƙwabciyar Bauchi. 'Yan Man O' War da ke horar da masu yi wa ƙasa hidima a sansanoni irin na Wailo, 'ya'yan wannan tunani ne.

Yadda ƙungiya za ta fara

Ƙungiyar tattaki mai amfani ba ta buƙatar ofis ko kasafin kuɗi. Mutum goma da buhuna da safar hannu sun isa. Matakin farko shi ne gaisuwa: a je wa mai unguwa, a sanar da fada, a nemi hukumar tsaftar muhalli ta jiha ta turo motar kwasar abin da aka tara. Shara da aka tattara aka bari a gefen titi, iskar hunturu za ta mayar da ita inda ta fito kafin la'asar.

Na biyu shi ne sanin iyaka. Ɗan sa-kai na iya kwashe leda, ya ɗauki hoton abin da ya rage na ganuwa, ya rubuta abin da dattawan unguwa suka sani game da kowace ƙofa. Amma taɓa ginin kansa aikin magina ne da hukumomin adana kayan tarihi. Siminti a jikin ginin ƙasa yakan riƙe danshi ya ruɓar da shi ta ciki. Magabata da makuba suke kare bango daga ruwa.

Na uku shi ne kiyaye lafiya. A fita bayan sallar asuba idan gari ya waye, a riƙe ruwan sha ko da ba a jin ƙishirwa, domin busasshiyar iska na zuƙe jiki a ɓoye. Mai asma ya sa takunkumi ya riƙe maganinsa, ranar da hazo ya yi kauri kuma ya haƙura. A sa takalmi mai rufi, kada a cusa hannu a kogon dutse, saboda kububuwa. Kada a kunna wuta a busasshiyar ciyawa. Idan za a yi nisa da gari, a tafi da ɗan yankin da ya san hanya, a kuma bar labari a gida.

A nan ne ma'aikacin tarayya ke da abin bayarwa fiye da kowa. Ya iya rubuta wasiƙar da za a karanta, ya san teburin da takarda ke kwana da wanda take wucewa, yana kuma da lambar wayar da ɗan unguwa ba shi da ita. Asabar ɗaya daga cikin hutunsa na shekara ta isa ta haɗa matasan Ƙofar Wambai da hukumar da ta dace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma damina mai zuwa ba za ta jira kowa ya gama shawara ba.