Kuɗin fim ba ya ƙarewa a lokeshan

Jos ba baƙuwa ba ce a harkar fim. A nan hedikwatar Hukumar Shirya Finafinai ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1979, nan kuma makarantarta ta koyar da aikin fim take, ga Kwalejin Talabijin ta NTA. Duwatsun Shere da sanyin gari sun daɗe suna janyo masu kyamara. Garin ya fitar da irin su Sani Mu'azu da Nafisa Abdullahi da marigayi Ahmed S. Nuhu. Duk da wannan gata, a kan ga matashi ya kammala fim mai kyau, fim ɗin ya kwanta a cikin kwamfuta babu wanda ya gani, saboda kuɗin ya ƙare ranar da aka tashi daga lokeshan.

Kasafin fim kashi biyu ne. Akwai kuɗin haɗa shi: labari, sallamar jarumai, hayar kayan aiki, abinci, masauki, tacewa. Akwai kuma kuɗin kai shi gaban mai kallo: fosta, tirela, tallar rediyo da Facebook, takardar hukumar tace finafinai, ladan dillali. Na farkon kowa na lissafa shi tun kafin a kunna kyamara. Na biyun ne ake barin sa sai Allah ya kai mu, alhali shi ne ke dawo da uwar kuɗi.

Manyan kamfanonin Amurka kan ware wa talla abin da ya kai rabin kuɗin haɗa fim, wani lokaci ya zarce. Kuɗin da fim ya tara kuma ba duka ke dawowa ba. Gidan sinima na riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, mai rarrabawa ya cire kasonsa, a cire abin da aka kashe a talla, sannan ragowar ta iso hannun furodusa. Shi ya sa 'yan harkar ke cewa sai fim ya tara ninki biyu na kuɗin haɗa shi, ko fiye, kafin a fara zancen riba. Haka lissafin yake a Legas. Da fim ɗin Funke Akindele, A Tribe Called Judah, ya haura naira biliyan 1 a farkon 2024, mutane da yawa sun zaci duk kuɗin ya shiga aljihunta. Gidajen sinima sun ci, gwamnati ta karɓi haraji, kamfanin FilmOne da ya rarraba shi ya ɗauki nasa. Kuma biliyan ɗin bai zo a banza ba, ta daɗe tana tallar fim ɗin da kanta a intanet.

Masu fim ɗin Hausa sun taɓa samun tsarinsu, komai gurguntakarsa. A zamanin kaset furodusa kan buga kwali ya sayar wa 'yan kasuwa a Bata da Ƙofar Wambai a Kano, su kuma su kwafi fim ɗin su zuba a kwalin, su watsa shi har Maraɗi da Yamai. Talla ba ta da tsada a lokacin: a maƙala tirela a farkon wani kaset, a saki waƙar fim ɗin ta zaga gari, mujallar Fim ta buga hoton jarumai. Furodusoshi sun sha kuka da 'yan kasuwa kan jinkirin biya, kukan kuma na gaskiya ne. Amma su ne suka ɗauke nauyin rarrabawa. Da satar fasaha da shagunan tura fim a waya suka karya kasuwar faifai, nauyin ya faɗo kan furodusa shi kaɗai.

Yau mafaka ita ce YouTube da tashoshi irin Arewa24, inda Izzar So da Labarina suka yi suna. Ɗora fim a YouTube kyauta ne, sai dai kamfanin na riƙe kashi 45 cikin 100 na kuɗin talla, kuma abin da ake biya kan mai kallo daga Nijeriya bai kai na mai kallo daga Ingila ba. Tara mabiya ma aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Gidajen sinima na zamani kuwa 'yan kaɗan ne a Arewa. A Jos, tsofaffin gidaje irin Kwararafa sun zama labarin da iyaye ke bai wa 'ya'ya.

A ganina nan ne ya kamata hukumar da ke Jos ta sa ƙarfinta. Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugabanta a Janairun 2024, a Jami'ar Jos ya yi karatu, kuma ya ga zamanin kwali ya ga na YouTube, don haka ba sai an yi masa bayani ba. Ɗalibin da aka koya wa saita haske da riƙe kyamara, a koya masa karanta yarjejeniyar rarrabawa da lissafin kaso. Duk tallafin da za a bayar, a ware wani abu a cikinsa na ƙananan ɗakunan kallo a unguwanni, masu tikitin da talaka zai iya saya.

Kai kuma mai shirin fita lokeshan, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka cire kuɗin talla ka ajiye gefe tun kafin ka kira jarumi na farko, ko da hakan zai sa ka rage kwanakin ɗauka.