Yadda Ake Koyar Da Furucin Baƙaƙen Turanci A Jalingo

Kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe na makarantun sakandare da ke Jalingo, kamar takwarorinsu na sauran sassan ƙasar nan, sukan zauna jarrabawar Hukumar WAEC. A cikin takardun Turanci akwai wadda aka keɓe wa furuci, mai tambayoyi 60. Abin mamaki shi ne, ana yin ta ne tsit, ba mai buɗe baki. Da fensir yaro yake zaɓen amsa. Saboda haka malamai da yawa suka koma rubuta alamomin sauti a allo, yara na kwafewa suna haddacewa. Sai yaro ya ci jarrabawa, alhali in ya tashi faɗin "pan", watau kasko, "fan" za a ji, watau fanka.

Turanci yana da sautukan baƙaƙe 24, kuma ba dukansu ne suke wahalar da mai jin Hausa ba. Masu wuyar 'yan kaɗan ne, an kuwa san su tun tuni. Hausa ba ta bambanta "p" da "f". Ba ta da "v", sai ta mai da shi "b". Sautuka biyun nan da ake rubutawa da "th" kuwa, Bahaushe yakan mai da su "s" da "z", shi ya sa "think" da "sink" suke zame masa abu guda. Bugu da ƙari, Hausa ba ta son cunkoson baƙaƙe, sai ta cusa wasali a tsakani. Ta haka muka sami burodi da firamare da sukurudireba. A Hausa kalmomi ne lafiyayyu, amma yaro yakan ɗauki wannan ɗabi'a ya shiga da ita cikin Turanci.

To, sai dai ajin Jalingo ba irin na Kano ko Katsina ba ne. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola a 1991, garin ya cika da jama'a iri-iri. A benci guda za ka tarar da Bafulatani da Mumuye da Kona da Jukun da Tibi, Hausa ce kawai ta haɗa su a kasuwa da filin wasa. Kowannensu da inda harshensa yake tuntuɓe. Bafulatani ba ya rikita "p" da "f", domin da su yake raba Pullo, mutum guda, da Fulɓe, jama'a. Shi kuwa Tibi, "v" na nan a ƙarshen sunan ƙabilarsa, mu ne muka mai da shi "b". Malamin da ya yi wa ajin nan kuɗin goro, ya ɓata rabin lokacinsa yana koya wa yara abin da suka zo da shi daga gida. Da ya lura, da sai ya sa waɗanda suka iya su ja waɗanda ba su iya ba.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. Tun a 1969 Elizabeth Dunstan ta fitar da littafi a kan sautukan harsuna 12 na Nijeriya musamman domin malaman Turanci, ciki har da Hausa da Fulatanci. A 1982 kuma Munzali Jibril ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster ta Ingila a kan bambancin furucin Turancin 'yan Nijeriya. Aikin yana nan a rubuce, isarsa aji ne ya yi wuya.

Dabarun kuwa ba sa bukatar na'ura. A riƙe 'yar takarda a gaban baki: in an faɗi "p" daidai, leɓɓa su haɗu su buɗe, iska ta kaɗa takardar. Don "f" da "v", haƙoran sama ne za su taɓa leɓen ƙasa, a kuma ɗora yatsa a maƙogwaro, a ji yana rawa a "v", yana shiru a "f".

Amma a ganinmu babbar taskar da aka yi wa rikon sakainar kashi tana makarantun Islamiyya. Duk yaron da ya yi tajwidi an nuna masa mafitar kowane harafi, an sa shi ya ɗora kan harshe a gefen haƙoran gaba don haruffan Larabci guda biyu waɗanda kusan su ne sautukan "th" ɗin nan. Su ne Hausa ta sauya a cikin Usman da zikiri. Watau yaron da yake furta su daidai da yamma a gaban malamin Alƙur'ani, shi ne yake kasa su da safe a gaban malamin Turanci, don ba wanda ya gaya masa abu ɗaya ne.

Gyaran yana hannun masu horar da malamai, watau Kwalejin Ilmi ta Zing da Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a Jalingo a 2008. Ya kamata duk ɗalibin da zai fita koyar da Turanci a saurari furucinsa da kunne kafin a ba shi takardar shaida, a kuma tabbata ya san sautukan harsuna biyu ko uku na yaran da zai tarar a aji.