Zaɓen Shokazoba da Bushin ga Motar da Aka Ƙara wa Tsayi

Da yawa daga cikin masu motocin shiga daji, irin su Land Cruiser da Hilux, sukan ƙara wa motocinsu tsayi da kamar milimita 50, wato inci biyu, ta hanyar sa sifirin mai tsawo, domin gangar jikin motar ta yi nesa da ƙasa, manyan tayoyi kuma su sami wurin zama. Sai dai da zarar an yi haka, nisan da ke tsakanin jikin motar da ƙafafunta ya sauya, alhali kuwa shokazoba da bushin da ke jikinta an auna su ne bisa tsayin farko.

Ya kamata mai karatu ya san cewa ba shokazoba ke ɗauke da nauyin mota ba, wannan aikin sifirin ne. Aikinta shi ne hana sifirin yin ta lilo bayan taya ta daki tudu. A cikinta akwai fistin da ke matsa mai ta wasu 'yan ƙananan kafofi, ta haka ƙarfin girgiza ke rikiɗewa ya koma zafi.

Saboda haka abu na farko shi ne tsawo, kuma awo biyu ne: tsawonta idan ta miƙe gaba ɗaya, da tsawonta idan ta tsuke gaba ɗaya. In aka bar tsohuwar a motar da aka ɗaga, tun motar na tsaye ta riga ta cinye milimita 50 daga miƙewarta. Taya na faɗawa rami sai ta ƙure, ta fizgi mazauninta, tayar kuma ta rabu da ƙasa, wanda ke nufin babu birki babu sitiyari a wannan ƙafar. In kuwa aka sa wadda ta yi tsawo da yawa, za ta tsuke ta ƙare kafin ƙafar ta kai ga robar da aka tanada don tare ta, sai nauyin motar duka ya sauka a kanta, sandarta ta lanƙwashe. Maganin wannan shi ne awo. A ɗaga jikin motar da jak har ƙafar ta yi reto, a auna tsakanin mazaunan biyu, sannan a matse ƙafar har ta taɓa robar, a sake aunawa. A nan ne kuma ake duba ko tiyon birki ya ɗame, abin da makanikai kan manta.

Sai batun zafi. A hanya mai gargada, ko doguwar tafiya irin ta Agadas zuwa Dirku, fistin yakan yi sama da ƙasa sau dubbai babu hutu. Mai yakan yi zafi, ya gauraya da iska, ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe fistin. Shokazoba mai bututu ɗaya, wadda injiniyan Faransa Bourcier de Carbon ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1950, ta raba mai da iskar naitirojin da wani fistin na biyu, kuma tana saurin fitar da zafi. Aibinta shi ne, dutse ɗaya in ya lotsa bututun, ta tashi aiki. Mai bututu biyu ta fi jure duka, ta fi araha, kuma a ganinmu ta wadatar da wanda iyakarsa gona da kasuwar ƙauye.

Bushin kuwa shi ne robar da ke zaune a mahaɗar ƙarafan ƙafa. Na roba yana manne da ƙarfen tsakiyarsa, murɗewa yake yi, ba ya bukatar giris, yana kuma shanye girgiza, amma mai yana lalata shi. Na foliyuretan ya fi tauri, mai ba ya cinsa, sai dai juyawa yake yi a kan ƙarfe, don haka dole a riƙa sa masa giris. In giris ya haɗu da ƙura kuwa, ya zama abin goge ƙarfe, ga ƙara. Taurinsa kuma yana rage wa ƙafafu sakewa a kan duwatsu.

Alal misali, Land Cruiser 80, wadda aka ƙera daga 1990 zuwa 1997, hannuwa biyu ne ke riƙe da ƙafarta ta gaba. Idan aka ɗaga ta, hannuwan sukan karkata, su rage kusurwar da ke mayar da sitiyari tsakiya bayan kwana, sai motar ta riƙa yawo a kan titi. Akwai bushin da aka kauce da raminsa daga tsakiya musamman domin gyara wannan kusurwa.

Shokazoba bibbiyu ake sauyawa, hagu da dama tare. Notin bushin na roba kuma ba a ƙarasa ɗaure shi sai an sauke motar ta tsaya da nauyinta a ƙasa, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe, ta tsage tun ba a je ko'ina ba.