Yadda hoton ƙwaƙwalwa ke gano musabbabin shanyewar ɓarin jiki ga matasa

Lafia — Mutane da dama na ɗaukar shanyewar ɓarin jiki a matsayin ciwon tsofaffi, amma alƙaluman asibitocin Najeriya sun nuna yana kama masu jini a jika.

Binciken SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana, ciki har da na koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya tantance majinyatansa da hoton ƙwaƙwalwa. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa daga cikin majinyata 2,118, kusan kashi 24 cikin 100 ba su kai shekara 50 ba. Fiye da rabin waɗannan jijiya ce ta fashe musu a ƙwaƙwalwa, sauran kuma toshewa ta yi, kuma hawan jini ne kan gaba wajen haddasa ciwon.

Wannan bambanci shi ne ginshiƙin magani. Alamomin fashewa da na toshewa sukan yi kama: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, da sarƙewar magana. Sai dai maganin da ke tsinka jini, irin su asfirin, yana taimakon wanda jijiyarsa ta toshe, yana kuma iya ƙara zubar jini ga wanda tasa ta fashe. Hoto ne ke raba gardama.

Na'urar CT ce akan fara da ita, domin cikin mintuna kaɗan take nuna ko jini ya zuba. Ita kuwa MRI, wadda ke aiki da maganaɗisu, tana gano wurin da jini ya daina isa tun a sa'o'in farko, lokacin da CT kan nuna kamar babu komai.

Ga matashi, aikin bai ƙare a nan ba, domin dole a san dalili. Akan ɗauki hoton jijiyoyin wuya da na kai, sau da yawa bayan an yi allurar wani ruwa mai fito da su fili. Ta haka ake ganin tsagewar bangon jijiya, wadda kan biyo bayan hatsari, ko kumburinta, ko daskarewar jini a hanyoyin da ke fitar da shi daga ƙwaƙwalwa, abin da kan sami masu jego. Akan kuma duba zuciya, domin gudan jini na iya tasowa daga can, musamman ga matan da zuciyarsu ta raunana bayan haihuwa, matsalar da likitoci suka daɗe da sani a Zariya da Kano. Masu cutar sikila ma na cikin haɗari tun suna yara.

Ga mazauna Lafia da kewaye, abin yi shi ne a garzaya da majinyaci babban asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, inda likita zai tsara hoton da ya dace ko ya tura shi gaba. A lura da lokacin da alamomin suka fara, domin allurar narkar da gudan jini galibi tana da amfani ne cikin sa'o'i huɗu da rabi. Kafin a isa, kada a ba shi abinci, ruwa ko wani magani.