Ciwon Sukari Mai Kama Mutum Tun Yana Yaro

Jama'a, wannan ciwo ba shan sukari ke kawo shi ba. Sojojin jini masu tsare mu daga cuta su ke juyowa su kashe ƙwayoyin da ke yin insulin a wata gaɓa bayan tumbi. Saiwa ba ta mai da su, sai allurar insulin kullum.

In ciwon ya daɗe, yawan sukari yakan raunana sojojin nan, hanyoyin jini kuwa su yi ta kumburi a ɓoye, har ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Saboda haka mu masu noman rani a dam ɗin Jibiya kada mu bar mai ciwon ya shiga gona ba takalmi, ya kuma duba ƙafafunsa kowane dare. In zai ƙetara Maraɗi ta Magama, ya naɗe kwalbar insulin cikin jiƙaƙƙen tsumma, gama zafi yana ɓata ta.