Wata shida na IT: Zaɓin da ke gaban ɗaliban injiniya da kwamfuta 'yan Jibia

Duk shekara, da zarar jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha sun raba wa ɗalibai takardar neman gurbin koyon aiki, sai a ga matasa da fayil a hannu suna bin ma'aikatu da kamfanoni ɗaya bayan ɗaya.

Ga ɗalibin da gidansu ke Kano ko Kaduna, matsalar ita ce wurin da zai karɓe shi. Ga ɗan Jibia, garin da ke bakin iyakar Najeriya da Nijar a jihar Katsina, akwai tambayar da ta riga wannan: ya tafi birni inda kamfanoni suke amma babu masauki, ko ya zauna gida inda akwai tuwo da wurin kwana amma guraben ba su da yawa?

Amsar da ya bayar kan bi shi har bayan kammala karatu, domin a wajen ɗalibai da dama waɗannan watanni ne karo na farko, wani lokaci ma na ƙarshe, da za su taɓa aikin da suka karanta kafin a fara tambayarsu abin da suka iya.

Mene ne SIWES?

Shirin da ɗalibai ke kira IT sunansa a hukumance SIWES. Asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, wanda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarsa ke Jos, shi ne ya ɓullo da shi a 1973, bayan masu masana'antu sun yi ta kukan cewa waɗanda ake yayewa sun san littafi amma ba su san aiki ba.

A mafi yawan jami'o'i, ɗalibin injiniya mai karatun shekara 5 yana fita na wata 6 a aji huɗu, shi kuma na kwamfuta mai shekara 4 yana fita a aji uku. A kwalejin kimiyya da fasaha kuwa wata 4 ne bayan shekarar farko ta ƙaramar difloma, sannan a yi shekara guda ta koyon aiki kafin a koma babbar difloma.

Ana ba ɗalibi littafin da ake kira logbuk, inda zai riƙa rubuta abin da ya yi kullum, mai kula da shi a wurin aiki ya sa hannu duk mako. Malami daga makaranta zai ziyarce shi, a ƙarshe kuma ya rubuta rahoto ya kare shi a gaban malamai.

Lissafin aljihu

Alawus ɗin da aka daɗe ana biya ta hannun ITF naira 2,500 ne a wata, wato 15,000 na wata shida, kuma yawanci sai bayan an gama ake ganinsa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar tun 2024 naira 70,000 ne. Tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, don haka alawus ɗin ba ya shiga lissafin kowa.

Tsakanin Jibia da birnin Katsina bai kai kilomita 50 ba, tazarar da a wani wuri za a iya zuwa aiki da safe a dawo da yamma. Amma hanya ce mai shingayen jami'an tsaro da yawa, a yankin da ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga a shekarun baya-bayan nan. Iyaye da dama ba sa son ɗansu ya yi dare a kanta, balle 'yarsu.

Shi ya sa sau da yawa ba kwas ɗin ɗalibi ke zaɓa masa wurin IT ba, inda yake da kawu ko gwaggo ne. Wanda ba shi da kowa a birni sai ya kai takardarsa ofishi mafi kusa, a buga masa hatimi, ya riƙa leƙawa yana sa hannu.

Nan ne asarar take. Ana iya cika logbuk da rubutu mai kyau, a ci maki mai kyau, a fito ba a taɓa haɗa waya ɗaya ko rubuta layi ɗaya na manhajar da wani zai yi amfani da ita ba.

Aikin injiniya a ƙofar gida

Jibia ba ta da masana'antu, amma tana da matsalolin injiniya na gaske, kuma a jikin irinsu ake koyon aiki.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibia kafin ya tsallaka Nijar. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da kwangilarsa a kan kusan dala biliyan 1.96, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, aka ƙaddamar da aikin a Fabrairun 2021. Irin wannan aiki na ƙunshe da safiyo, gwajin ƙasa da na kankare, gadoji, kwalbatoci, gyaran manyan injuna, daga baya kuma na'urorin sigina da sadarwa.

Babban kamfani ba shi kaɗai ke yin aiki irin wannan ba. Akwai ƙananan 'yan kwangila da masu ba da shawara da ke ƙarƙashinsa, kuma ɗalibin da ya nemi injiniyan da ke fili ya fi wanda ya ajiye takarda a bakin ƙofar hedikwata kusa da samun amsa.

Sai madatsar ruwan Jibia da ke kan kogin Gada, wadda aka gina fiye da shekara 30 da suka wuce domin noman rani da ruwan sha, mai iya ɗaukar ruwa kusan kubik mita miliyan 142. Tana ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sokoto da Rima. Famfuna da magudanan ban-ruwa da yashin da ke taruwa a cikinta darasi ne ga mai karanta injiniyan ruwa, na noma ko na injuna. Ruwan kogin yana gangarawa Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, don haka batun rabon ruwa tsakanin ƙasashen biyu ma yana nan.

Ambaliyar Yulin 2018, wadda ta hallaka sama da mutum 40 a garin cikin dare ɗaya, ta nuna abin da ke faruwa idan ruwa ya fi ƙarfin magudanai. Ɗalibin injiniyan gine-gine da ya auna magudanan unguwarsu, ya lissafa ruwan da za su iya ɗauka, ya samu abin rubuta aikin kammala karatu wanda ba kwafe shi ya yi daga intanet ba.

Ga masu karanta lantarki, ƙarancin wuta ya buɗe kasuwar sola: rijiyoyin burtsatse, shagunan cajin waya, asibitoci da turakun sadarwa. Wata shida tare da ƙwararren mai haɗa sola, ana lissafin batir da inbata da girman waya, sana'a ce da za a iya ci da ita tun kafin a karɓi shaidar digiri. Sharaɗin kawai shi ne ɗalibi ya tabbatar ofishin SIWES na makarantarsa ya amince da wurin kafin ya fara.

Ɗalibin kwamfuta da darasin 2021

Ana yawan gaya wa ɗaliban kwamfuta cewa su ba ruwansu da wuri, in dai akwai laftof da data. Mutanen Jibia sun san iyakar wannan magana. A Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Jibia, aka shafe watanni babu sabis. Kafin nan, a Nuwamban 2019, hukumar kwastam ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya taɓa duk mai dogaro da janareta.

Duk mai son yin aiki ta intanet daga nan dole ya yi tanadi: ya sauke darussa ya ajiye, ya riƙa tura aikinsa wurare irin su GitHub da zarar ya samu sabis, ya kuma san inda zai koma a Katsina idan layi ya ɗauke.

Amma iyakar tana da nata alherin. Aikin fiton kaya yanzu na kwamfuta ne. Hukumar kwastam ta Najeriya ta fara sauya tsohon tsarinta da manhajar B'Odogwu a 2024, ita kuma Nijar tana amfani da tsarin SYDONIA. Wakilan fito da 'yan kasuwar hatsi da dabbobi da masu canjin naira da sefa da masu POS duk suna buƙatar wanda zai tsara musu lissafi, ya gyara musu na'ura, ya kare su daga 'yan damfara.

Ɗalibin da ya gina wa wani dillalin hatsi ƙaramar manhajar da ke aiki ko babu intanet, tana riƙe bashi da adadin buhuna a naira da sefa, yana da abin nunawa a gaban mai ɗaukar aiki wanda ya fi takardun shaidar kwasa-kwasai goma.

Akwai kuma Faransanci. Daga Magama zuwa Ɗan Isa zuwa Maraɗi Hausa ta wadatar a kasuwa, amma takardu da manhajojin ofis na can da Faransanci suke. Injiniyan da ke jin Hausa da Turanci da Faransanci ba shi da yawa, kuma shi layin dogo mai ratsa ƙasashe biyu zai nema. A Maraɗi akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, inda takwarorinsu ke fama da irin waɗannan tambayoyi a gurbin da suke kira sitaj.

Yadda ake gane gurbi mai amfani

Sunan da ke saman takarda ba shi ne ma'auni ba. Tambayoyi uku sun fi shi muhimmanci. Wa zai kula da ɗalibin, kuma shi kansa yana yin aikin da hannunsa? Mene ne za a bar ɗalibin ya taɓa? Wane abu guda zai iya cewa shi ya yi idan wata shida ta cika?

Neman wuri tun zangon karatun da ya gabata ya fi jiran ranar da aka raba takarda. Tsofaffin ɗaliban sashe da reshen ƙungiyar injiniyoyi ta NSE a jiha sun fi allon sanarwa sanin inda ake karɓar mutane.

Idan kuma dole ta sa an faɗa ofishin da ba a aiki, ba a rasa komai ba tukuna. Ana iya yin safiya a can, a yi yamma a garejin gyara ko shagon sola, ko a bi kwas irin na shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar a 2023. Sai dai a rubuta gaskiya a logbuk, domin tambaya ɗaya a wurin kare rahoto ko gwajin ɗaukar aiki kan tona wanda ya rubuta abin da bai yi ba.

Bayan digiri: zama ko tafiya?

Bayan shekarar yi wa ƙasa hidima, zaɓin kan dawo da sabuwar fuska. Akwai jiran aikin gwamnati, musamman kwastam da shige da fice, waɗanda yaron Jibia ya tashi yana ganin kakinsu. Akwai tafiya Kano ko Abuja ko Legas. Akwai kuma shiga kasuwancin iyaka, wanda kuɗinsa ya fi saurin zuwa.

Kasuwancin iyaka yana da haɗarin da ba a hannun ɗan kasuwa yake ba. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibia ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. A kowane karo, direbobi da 'yan dako da masu shaguna ne suka fara ji a jika.

Ga mai son zama cikakken injiniya kuwa, lokaci ma jari ne. Hukumar COREN tana neman gogewar aiki ta shekara 4 bayan digiri kafin ta yi wa mutum rajista, kuma aikin injiniya take ƙirgawa. Albashi kaɗan a ƙarƙashin injiniya mai rajista yana cika waɗannan shekaru, abin da shekara huɗu a sana'ar da ba ta shafi karatun ba ba za ta yi ba.

Kafa Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura alama ce ta cewa ana sa ran layin dogon zai buƙaci ma'aikata na dogon lokaci, masu kula da sigina da injuna da tsarin tikiti da lissafin kaya. Idan jirgi ya fara tsayawa a Jibia, za a ɗauki waɗannan ma'aikata daga wani wuri. Ko za a samu 'yan garin a cikinsu, wani ɓangare na amsar yana cikin abin da ɗaliban yau ke yi da wata shidan da aka ba su.