Kayan Gyaran Sauti a Ɗakin Ɗaukar Murya na Gida

A da, wanda duk ya ke son ɗaukar murya mai kyau sai ya nufi gidan rediyo, gama can ne a ke da ɗakunan da aka gina musamman domin wannan aiki. Yanzu kuwa kwamfuta da makirufo sun yawaita, har malamin da ke tattara tatsuniyoyi da kirari, da ɗalibin da ke nazarin furuci, da mawaƙi, kowa na iya keɓe ɗaki guda a gidansa ya yi aikinsa. Sai dai da yawa su kan sayi na'ura mai tsada, amma muryar ta fito kamar daga cikin rijiya, su ɗora wa na'urar laifi, alhali kuwa ɗakin ne ya ɓata ta. Wannan hasara ce babba ga masu nazarin Hausa, domin dattijon da aka ɗauki bayaninsa bana ba lalle ne a same shi baɗi ba. Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana irin kayan da a ke gyara ɗaki da su, ta kuma nuna cewa amfaninsu ya rataya ne ga kaurinsu da wurin da aka sa su.

1. Tarewa da shanyewa

Wajibi ne tun farko a rarrabe ayyuka biyu waɗanda a kan gwama. Na ɗaya shi ne tare ƙarar waje, watau ta janareto da babura da 'yan talla, don kada ta shigo. Na biyu shi ne shanye amon da ke kai da kawowa a cikin ɗakin kansa. Tarewa aikin nauyi ne da toshe kafofi: in aka ninka nauyin bango, ƙarar da ke ratsa shi ta kan ragu da kimanin desibel 6, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Sabo da haka katangar ƙasa mai kauri ta fi bangon falanki nesa, kuma 'yar kafar da ke ƙarƙashin ƙofa ta isa ta ɓata aikin bango duka. Shanyewa kuwa aikin abu ne mai laushi wanda iska ke ratsawa. Wanda ya manna soso a bango don ya daina jin janareton maƙwabci ya yi aikin banza. Sauran bayaninmu a kan shanyewa ne.

2. Lissafin Sabine

Asalin wannan ilmi yana komawa ga Wallace Sabine, malamin kimiyya a Jami'ar Harvard ta Amurka. A 1895 aka ɗora masa gyaran wani zauren lacca na gidan kayan fasaha na Fogg, inda kalma ɗaya kan yi fiye da sakan 5 tana yawo kafin ta mutu, har ɗalibai ba su fahimtar malaminsu. Shi da mataimakansa suka riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zaure da dare, suna shimfiɗawa, suna busa sauti, suna auna lokacin mutuwarsa da agogo. Daga nan ya fitar da ƙa'idar da a ke aiki da ita har yau. Lokacin da amo ke ɗauka kafin ƙarfinsa ya koma kashi ɗaya cikin miliyan, watau ya ragu da desibel 60, shi za mu kira jinkirin amo. A kan same shi in aka riɓa girman cikin ɗaki da 0.161, sa'an nan aka raba da jimlar shanyewar da ke cikinsa. Ma'aunin shanyewa kuwa taga ce a buɗe mai faɗin murabba'in mita 1, domin sautin da ya fita ta taga ba ya komowa.

Alal misali, a ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3.5, bisan mita 3. Girman cikinsa 42 ke nan, fuskokinsa shida kuwa murabba'in mita 73. In na siminti ne da tayil, ba kome a ciki, mu ƙaddara yana shanye kashi 5 cikin 100 na sautin da ya buge shi. Lissafi zai ba da kusan sakan 2. Abin da a ke bukata domin magana kuwa bai wuce sakan 0.3 zuwa 0.4 ba, watau sai an sami shanyewa daidai da tagogi buɗaɗɗu na murabba'in mita 17 ko fiye. Mai karatu ya ga dai 'yan fallayen soso huɗu ba za su kai ko'ina ba.

3. Dalilin da ya sa kauri ya zama tilas

Sauti kaɗawar iska ce, tana tafiya kimanin mita 343 a sakan. Kakkauran sauti, irin na babbar ganga, kaɗawarsa kaɗan ce, zangon igiyarsa kuwa dogo. Siririn sauti, irin na sarewa, kaɗawarsa da yawa, zangonsa gajere. Mai kaɗawa 100 a sakan zangonsa ya kusa mita 3 da rabi, mai 1,000 santimita 34, mai 4,000 kuwa bai kai santimita 9 ba.

Abu mai ƙofofi, kamar auduga, yana shanye sauti ne ta hanyar gogayya: iska na shiga tsakanin zaruruwa tana gugarsu, ƙarfinta ya koma ɗan zafin da jiki ba ya ji. To, daf da bango iska ba ta da wurin motsi; inda ta fi motsi shi ne nisan rubu'in zango daga bangon. Ga mai kaɗawa 4,000 santimita 2 ke nan, ga mai 1,000 kusan santimita 9, ga mai 100 kuwa santimita 86. Ashe siririn abu ba ya kama kome sai siririn sauti.

Ga inda abin ya shafi harshenmu. Tushen muryar namiji yana tsakanin kaɗawa 85 da 180, ta mace tsakanin 165 da 255, kuma a nan karin sauti ya ke hawa da sauka, wanda shi ke raba "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Baƙaƙe irin su "s" da "sh" da "ts" kuwa ƙarfinsu yana can sama, cikin dubbai. In aka lulluɓe ɗaki duka da siririn soso ko kafet, an shanye abin da ke raba "sara" da "tsara", an bar gurnani. Har wa yau ƙaramin ɗaki yana da sautukan da ya ke kumburawa gwargwadon nisan bangayensa. A ɗakin da muka misalta, tsawonsa na kumbura 43, 86, 129 da 172, faɗinsa 49, 98 da 147, bisansa 57, 114 da 172. Yawancinsu sun faɗo cikin muryar namiji, biyu ma sun haɗu a 172. Ɗaki ba ya sauya karin gaɓa, amma ya kan ƙarfafa wata ya raunana wata, ya ja wa gajeren wasali wutsiya, har mai rubutawa ya yi shakka ko "gari" na mutane aka ce ko na tuwo.

4. Ire-iren kayan

Kayan iri uku ne. Na farko masu ƙofofi, shugabansu kuwa ulun dutse da ulun gilashi, waɗanda a ke yi ta narka dutse ko gilashi a mai da shi zare. A kan sayar da su falle-falle, galibi santimita 120 da 60. Kafinta ya haɗa musu katako, a rufe da yadi mai sakwa-sakwa. Mai kaurin santimita 5 yana shanye kusan dukan sautin da ya haura kaɗawa 500, amma kaɗan ya ke taɓa wanda ke wajen 125. Mai santimita 10, watau inci 4, ya fi shi sauka ƙasa ƙwarai. In aka bar sarari tsakanin falle da bango an ƙara masa kauri ba da kuɗi ba. Soso mai tudu-tudu da a ke tallarsa domin situdiyo yana cikin wannan iri, sai dai yawancinsa siriri ne.

Na biyu masu amsawa, waɗanda a ke yi domin kakkauran sauti. In aka kafa fallen katako mai kaurin milimita 6 a kan akwatin da ba ya shan iska, mai zurfin santimita 10, aka sa ulu kaɗan a ciki, zai riƙa rawa kamar fatar ganga wajen kaɗawa 100, yana cinye ƙarfin sautin. Akwai kuma mai siffar tulu, wanda a ke danganta bayaninsa ga Hermann von Helmholtz, masanin Jamus na ƙarni na 19. Wanda ya taɓa busa bakin kwalba ya san hikimarsa: iskar wuya na rawa a kan iskar ciki. An sami tuluna gine a bangayen waɗansu tsofaffin majami'un Turai da masallatan Turkiyya. Aibin wannan iri shi ne kowane ɗaya yanki ƙanƙane ya ke kamawa, sai da awo.

Na uku masu warwatsawa, waɗanda ke tarwatsa sauti maimakon su shanye shi. Manfred Schroeder ya tsara irinsu da lissafi a shekarun 1970, katako mai ramuka, kowane rami da nasa zurfi. Suna bukatar tazara, don haka amfaninsu kaɗan ne a ƙaramin ɗaki. Kantar littattafai manya da ƙanana ta kan yi ɗan abin da ya samu.

5. Abin da ke hannu

Inda ulun dutse ya yi wuya ko tsada, a auna abin da ke hannu da gwaji mai sauƙi: a kai shi baki a hura. In iska ta ratsa da ɗan ƙoƙari, zai yi. In ba ta ratsa ba sam, kamar farin soson da a ke ƙunshe rediyo da firiji a ciki, ba zai yi ba. Auduga da rimi da tsumma da tsofaffin barguna duk sun ci wannan gwaji, muddin an cusa su da kauri, ba a danƙare su kamar dutse ba, an kuwa kiyaye su daga laima da gara. Labule mai nauyi, in an tattare shi an rataya nesa kaɗan da bango, yana taimako. Tabarma da zana da asabari sirara ne, sai an sa wani abu a bayansu. Kiret ɗin ƙwai kuwa, wanda ya yi suna sabo da ya yi kama da soson situdiyo, kwali ne kawai siriri, ba ya tare ƙara, shanyewarsa kuma ba ta taka kara ta karya ba. Araha ba ta ado.

Siffar gini ma abin lura ce. Soron ƙasa ya fi ɗakin kwano shiru, musamman da damina, amma ɗaki mai zagaye da rufin ɗaurin guga su kan tattara amo wuri guda, don haka kada a kafa makirufo a tsakiyarsu.

6. Haɗari

Soson katifa yana kama wuta nan da nan, hayaƙinsa kuma dafi ne. A watan Fabrairu na 2003 mutum 100 suka hallaka a wani gidan rawa a jihar Rhode Island ta Amurka, a Janairun 2013 kuma fiye da 240 a Santa Maria ta Brazil, duk biyu kuwa soson da aka manna domin sauti ne ya kama. Auduga da rimi da kwali su ma abincin wuta ne, sai a nisanta su da waya da fitila. Ulun dutse ba ya ci, amma yana sa ƙaiƙayi, don haka mai yankansa ya rufe hanci da hannu, a kuma lulluɓe shi sarai.

7. Wurin sawa

Kakkauran sauti a kusurwoyi ya ke taruwa, sabo da haka mafi kaurin kaya can za a fara kai su, a gicciye kusurwa daga ƙasa har sama. Daga nan sai wuraren da sauti ke fara bugawa ya komo. Mutum ya zauna inda makirufo zai tsaya, wani ya riƙa jan madubi a jikin bango. Duk inda ya hango bakin mai magana a ciki, nan falle zai hau, silin ma haka. Kada a bar bangaye biyu masu fuskantar juna duka tsirara, gama tafi ɗaya zai nuna yadda amo ke karkarwa tsakaninsu. Kada kuma a rufe ko'ina, domin ɗakin da ya mutu sarai yana takura mai magana, mawaƙi kuwa ya kan rasa jin muryarsa. A kusantar da makirufo ga baki kamar taƙi guda, don muryar ta rinjayi ɗakin.

Shawarar da za a ba malami ko makarantar da kuɗinta kaɗan ne ita ce, a fara da kusurwoyi huɗu da fallaye shida ko takwas masu kaurin inci 4. Sa'an nan a ɗauki jerin kalmomin da kari ko tsawon wasali kaɗai ya raba, a ba wanda bai ga takardar ba ya saurara ya rubuta abin da ya ji. In ya rarrabe su duka ba tare da ya nemi a maimaita ba, ɗakin ya isa a kira dattijo a zaunar da shi.